Ka Kwanta Rigingine Kafin Motar Alhamis

Kebbe,
ranar Lahadi, tsakiyar marka.

Zuwa ga ɗana Mu'azu, a gidan kawunshi a Tambuwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka da mutanen gidan baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai ruwa, kuma alhamdu lillahi gero ya yi kyau. Innarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka kada ka manta da ƙullin yajin da ta aiko, don ta ji an ce miyar Kaduna ba ta da rai. Na so in zo in raka ka tasha da ƙafata, to rafi ya cika ya hana keke wucewa, ni kuwa shekaruna sun wuce na iyo. Shi ya sa na ba masu jakai da ke zagayawa ta tudu wagga takarda su kawo maka.

Ba labarin gida ya zaunar da ni rubutu ba. Magana guda ce, kuma na san tun kafin ka kai nan ka gane ta. Maganar Malam Tukur ce na Jabo, abokina tun muna yara, wanda ya riƙe ka a gidanshi sa'ad da aikin allurar shanu ya jefa ni daji, ya kama hannunka ya koya maka baƙi da wasali. An ce ran kasuwa kana tsaye gaban tela ana auna ka wandon zuwa Kaduna, hannuwa a buɗe, ƙirji a waje, abokanka sun kewaye ka suna ta ce maka akawun gwamnati. Sai ga Malam da kekenshi. Ya tsaya ya sa maka albarka, ya ce cikin raha idan Kaduna ta ƙi, ajin da ya so ka karɓa a Jabo yana nan yana jiranka. Kai kuwa ko rusunawa ba ka yi ba, ka ce, "Malam, ai cin alli sai wanda bai samu hanya ba." Anka kwashe da dariya. Malam ya taya ku dariyar, ya hau kekenshi ya tafi.

Ja'iri! Da ina wurin, da sai tela ya ƙara da aunin kumatunka, don da sun kumbura. Amma ba faɗa na zauna yi ba, ga abin da ke damuna. Motarka ta Gusau ran Alhamis za ta tashi, daga can jirgin ƙasa ya wuce da kai. Shi kuwa Malam ya aje aiki, da an yi girbi zai kama hanyar hajji ta ƙasa, ta gabas. Ka san shekarunshi, ka san hanyar. Wanda ya bi ta yakan daɗe, wani ma can ƙasarshi take. Idan ka shiga mota ba ku gana ba, ina jin tsoron maganar alli ta zama ita ce ta ƙarshe tsakaninku.

Kawunka ya aiko mini cewa ya yi maka magana, ka ce ai gaskiya ka faɗa. Wai koyarwa aikin baya ne, wai Jabo ba ruwan kirki, wai yaran ƙauye ba su ɗaukar karatu, kuma yanzu an samu mulkin kai, Turawa na tattara komatsansu, Arewa na neman 'ya'yanta a ofis. Kai, Mu'azu! Yaushe Jabo ta lalace haka ban ji ba? Da Sallar da ta wuce ba kai ne kwance a zaurena kana juyi ba, kana ce mini ka rasa na zaɓa, don babu abin da ke maka daɗi kamar ka ga yaro ya haɗa baƙi ya karanta sunanshi? A lokacin aikin nan biyu kunnen doki suke a wurinka. Ka zaɓi Kaduna, kuma ban ga laifinka ba, ni ma na yi murna har na yanka zakara. To amma tun ran da ka zaɓa, Kaduna ke ƙara zaƙi, Jabo ke ƙara ɗaci, alhali ko ɗayansu bai motsa daga inda yake ba. Na san wanga ciwo sarai, don daga wurina ka gado shi.

Kafin a haife ka, sa'ad da anka ɗauke ni aikin dabbobi, sai da na zaɓi abin hawa, ko keke ko doki. Innarka ta ce keke. Malam Tukur ya ce keke. Ni ma cikina keken yake so. Amma na shiga kasuwar Tambuwal na ga wani jan doki, dillali ya ce in hau in gwada, ba dole. Da na hau na ga kawunan mutane a ƙasa, na ji bayana ya miƙe, wuyana ya ƙara tsawo, sai kawai na ji bakina ya ce na saya. Ni malamin dabbobi guda, ko bakin dokin ban buɗe na duba haƙora ba. Na sa mishi suna Jirgi.

Dokin nan ba ya da hali ko na anini. In ya ga ruwa ya tsaya, in ya ga inuwa ya tsaya, in ya ga goɗiya ya manta da akwai mutum a bayanshi. In na matsa mishi ya yi tutsu. Mai jaki yakan wuce mu a hanya ya ce mini sannu da hutawa. Amma ka san abin da nake gaya wa mutane? In ya tsaya, in ce dokin na da hankali, ya san inda rami yake. In ya cije ni, in ce alamar jini mai kyau ce. Keke kuwa na maishe shi abokin gaba, kullum ina cewa ƙarfe ne marar albarka, ƙaya guda ta gama da shi. Kuma wallahi ba na jin ƙarya nake yi. Muddin ina bisa sirdi, ko ina tsaye gaban jama'a, maganar nan gaskiya ce tsantsa a raina. Hannu ya riga ya aikata, sai zuciya ta biyo baya tana ta yin faci don kada a ga ɓarakar, har ni mai ita kada in gani.

A fadamar Fakku asiri ya tonu. Wani zalɓe ya tashi daga ciyawa, Jirgi ya zabura ya yi sama da ni, na sauko da baya cikin laka. Fulanin da ke kiwo kusa sunka ɗauko ni sunka kawo gida. Mai ɗori ya zo ya mammatsa, ya ce kada in motsa, in kwanta rigingine har bayan ya saki. Haka na kwanta, ba matashi, ba juyi, daga ni sai azarar ɗaki. Kwanakin farko duk wanda ya zo dubiya sai in ce mishi laifin tsuntsu ne. Ana nan, wata azahar gida ya yi shiru, sai na ji maganar ta fito da kanta, ba wanda ya tambaye ni. Na ce, "Dokin nan fa ba ya da kyau." Innarka tana kaɗi a bakin ƙofa, ta aje mazari ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta sunka leƙo suna tambaya ko haihuwa anka yi. Ta ce musu, "A'a, gaskiya ce ta samu ƙofar shiga, sai da anka kwantar mata da shi."

Abin da ya ba ni mamaki, faɗar ba ta yi mini zafi ba. Da a tsaye nake, da na ji kamar ana cire mini haƙori. A kwance kuwa babu ƙirjin da zan turo, babu ƙafar da zan buga ƙasa, jiki ya san ba inda za shi, sai zuciya ta daina gardama. Na ga dokin yadda yake, na ga keken yadda yake, har na tuna ashe tun farko keken nake so. Da na warke na raba gari da Jirgi. Wani bafatake ya zo nemanshi, na gaya mishi halin dabbar tsaf ban rage komai ba. Ya saurare ni, ya hau, ya dubi mutane daga sama, ya gyara rawani ya ce ai ni ne ban iya hawa ba. Na yi mishi addu'ar sauka lafiya.

Tun daga nan, duk ran da na ji ina tara hujjoji da yawa a kan abu guda, kamar yadda kake tara wa Jabo laifuffuka, nakan jira lokacin ƙailula in shiga ɗaki in kwanta rigingine in sake tambayar kaina. Ba kullum nake iske ni ne da laifi ba, amma in ni ne, a nan nake ganewa. To kai ma ka yi haka ran da takardar nan ta iso, bayan azahar. Ka sallami abokan nan naka, ka cire sabuwar hula, ka miƙe a tabarmar kawunka ka kalli rufi. Kada ka tambayi kanka ko Kaduna ta fi Jabo, an wuce wurin, kuma ba sai ka kashe ɗaya za ka iya son ɗayar ba. Ka tambayi kanka ko Malam ya cancanci abin da ka faɗa mishi gaban tela. A Kaduna ma ka riƙe wannan. Za a sha tare ka a tsaye, cikin mutane, a ce ka faɗi ra'ayinka yanzu-yanzu. Maganar da anka faɗa a haka wuyar janyewa gare ta, don washegari za ka iske kanka kana gadinta ko ba ka son ta. In an matsa maka, ka ce bari ka zauna tukuna.

Kada kuma ka ce Baba ya ba ka izinin kwanciya, don na san ka da son tabarma. Kwanciya ta duba kai ce, ba ta aiki ba, wannan ma da jikina na koya. Akwai shekarar da anka ce duk malamin dabbobin da ya ci jarrabawar Turanci za a ɗaga shi. Na samo littattafai, na yi shela a gari, har na sa anka ɗinka mini wani ƙaton matashi na audugar rimi, wai na karatu. Kullum da la'asar in kishingiɗa a zaure, gwiwar hannu bisa matashi, littafi a gefe, in ce bismilla. Kafin in gama shafi guda sai in ji son abin ya tsiyaye, kamar ba ni na yi shelar ba. Ba ƙin karatun nake ba, ba son shi nake ba, a ɗaga ni ko kada a ɗaga ni duk ɗaya. Abin nan da ke kashe gardama in an kwanta, ashe shi ne ke kashe himma. Jarrabawa ta zo ta wuce ina kishingiɗe, Innarka ta ce matashin dai ya ci, don shi ya fi kowa zama da littafin.

Da shekara ta zagayo Malam Tukur ya zo ya iske ni a haka. Bai yi mini wa'azi ba. Ya fizge matashin ya jefa cikin gida, ya sa anka kawo turmi anka kife, ya ɗora littafin a kai, ya zaunar da ni bisa 'yar kujerar mata, yadda dole in karkato gaba in ina son ganin baƙi. Ya ce, "Dubi yadda kaka zama gaban tuwo. Haka nika son ka zauna gaban wanga." Na yi dariya, amma da na duƙufa haka, ƙafafu a ƙasa, kai a gaba, sai na ji yunwar karatun ta taso, wadda na nema na rasa a kan matashi. Ni da nake zaton sai an ji so sannan jiki ya matsa, ashe wani lokaci jiki ke fara matsawa, so ya biyo shi da gudu. Na ci jarrabawar. Ba da yabo ba, amma na ci.

Saboda haka in sun ba ka kujera mai majingina a ofis, ka yi hankali da ita. Ran da ka ji aikin ya gundure ka, kafin ka ce ba ka son shi, duba yadda kake zaune. Jawo kujerar, kafa ƙafa a ƙasa, matsa kan tafiretar kamar an ce za a ƙwace ta. Ran da kewar gida ta kama ka kuma, za ta kama ka kuwa, kada ka zauna ka rafka tagumi. Kakarka duk ran da ta ga hannuna a kumatu sai ta buge shi ta aike ni rijiya, kafin in dawo da tulu na manta abin da ke damuna.

Saura guda, ita ce za ta yi maka amfani a Jabo. Farkon zuwana Kebbe, ina ji da kakina da hular hana-salla, na tafi rugar wani Arɗo Buba don maganar allura. Na iske dattawa zaune a ƙasa. Sunka shimfiɗa mini buzu, na ce a bar shi, sauri nake. A tsaye na yi musu jawabi, hannu a ƙugu, na ce jibi kowa ya tara shanunshi, wanda ya ɓoye ko maraƙi zai gamu da hukuma. Da na fito gida ban yi niyyar ambaton hukuma ba, tsayuwar ce ta kawo ta bakina. Sunka ce to, to, madalla. Bayan kwana biyu na dawo da kayan allura na iske toka da kashin shanu, ko kaza babu. Na koma gari ina ta cewa mutanen daji ba su da alkawari, kuma na sami masu taya ni.

Da rani sunka dawo, ciwo kuwa ya taɓa garken, dole na koma. A hanya na shirya jawabi mai cike da gori. Ina gab da isa ƙaya ta soke ni, na tsugunna a bakin ruga don in cire. Ina tsugune Arɗo ya fito, shi ma ya tsugunna, munka gaisa a haka, idona daidai nashi. Wallahi jawabin nan na neme shi na rasa. Sai na ji ina tambayar yadda shanun sunka kwana, wacce ta fara, tun yaushe. Muryata ma ta sauka da kanta. Shi kuma ya buɗe ciki ya ce wancan karon sun zaci ƙidayar jangali na zo yi da sunan allura, don ba su taɓa ganin mai magani yana magana daga sama ba. Munka yi allura lafiya. Har yau in sun sauko, matarshi na aiko wa Innarka man shanu.

To in ka isa ƙofar Malam, kada ka tsaya shirya kalmomi. Na san ka, in ka shirya, hujja za ka shirya. Jingine keken da ka hau, tuɓe takalmi, durƙusa tun daga bakin zaure, gwiwa biyu a ƙasa, yadda kake yi kana ɗan aji ɗaya. Baki zai san abin faɗa. Ba a iya cewa "ai gaskiya na faɗa" a durƙushe, na gwada, ba ta fitowa.

Yanzu bari in gaya maka abin da kawunka bai sani ba. Malam ya zo nan Kebbe kafin rafi ya cika, yana zagayen sallama da dangi. Ni na tayar da maganar, shi bai tayar ba. Yana tsaye yana kwance kaya daga keke ya ce in bar zancen, wasa ne yaro ke yi, shi ya san ɗanshi, ai har daɗi ya ji da ya ga bakinka ya buɗe, haka ake son ɗan Kaduna ya zama. Ya yi ta kawo maka hujja har na fara jin kunyar tayar da zancen. Munka ci abinci, munka yi azahar, munka miƙe a zaure don ƙailula. Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai na ji ya ce, idonshi na kan rufi, "Shehu, shin aikin ga da na ƙare rayuwata ciki, abin dariya ne ban sani ba?"

Amsar nan ba tawa ba ce, Mu'azu. Ba daga bakina yake son jin ta ba, daga naka ne. Raina ya ɓaci ran nan, kuma har yanzu in na tuna sai ya ɓaci.

Da zai tafi ya tambaye ni wace rana motarka za ta tashi, yana so ya zo tasha da ɗan guzuri, ya ce matarshi za ta daka maka dakuwa irin wadda kake sata kana yaro. Na hango ka a tasha, abokai kewaye da kai, kowa a tsaye, ga dattijo ya nufo ku da ƙullin dakuwa. Sai na ce mishi ban san ranar ba. Ban taɓa yi wa Tukur ƙarya ba sai ran nan, kuma ya kalle ni kallon wanda ya gane. Ka ari keken kawunka ka tafi Jabo ka gaya mishi ranar da bakinka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a mota da jirgi, Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na masauki. Allah Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai na gari, Ya sa albarka a aikinka da abin da za ka ci. Allah Ya sa hannun malaminka ya sauka a kanka kafin ƙafarka ta taka motar nan. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Shehu malamin dabbobi,
Kebbe.